Amsar Tambaya: Mun Ci Wasa, Me Ya Hana Mu Hawa a Jadawalin FIFA?

Wani mai karatu daga Gusau ya tambaya: Super Eagles sun ci wasan sada zumunta, amma matsayinsu bai motsa ba. Shin son kai ne?

Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, lissafi ne. Tun watan Agusta na 2018 FIFA ta koma tsarin Elo, wanda aka aro daga wasan chess. Kafin a take leda, ana duba makin ƙasashen biyu a ƙiyasta wanda ya kamata ya yi nasara. In ka doke wanda ya fi ka, sai a zuba maka maki. In ka doke ƙaramar ƙasa, ɗan abin da za ka samu bai taka kara ya karya ba, kuma canjaras da ita ragi ne a gare ka.

Nauyin wasa ma ya bambanta. Sada zumunta 5 ne ko 10, wasan neman gurbi 25, gasar Kofin Afirka 35 zuwa 40, Kofin Duniya kuwa 50 zuwa 60. Yawan ƙwallaye ba ya ƙara komai: ɗaya da nema da shida da nema duk ɗaya ne. A ganina tsarin Elo gyara ne mai kyau, domin ya hana manya cika ciki da raunana.

Najeriya ta taɓa kaiwa ta 5 a duniya a Afrilun 1994. Mai son ganin haka kuma, ya sa ido kan wasannin neman gurbi da manyan gasa, can ne makin yake.