Amsoshin Tambayoyinku: Makarantar Cocin Katolika

Wani mai sauraronmu daga Zangon Agege a Legas ya aiko da tambaya: wace irin tarbiyya makarantar cocin Katolika ke bayarwa, kuma Musulmi zai iya sa ɗansa?

To Malam, 'yan Katolika sun daɗe a harkar nan. Tun 1928 suka buɗe kwalejin St. Gregory a Obalende. An san makarantunsu da tsare lokaci da tsabta da ladabi. Da sassafe yara kan yi layi, a duba farce da takalmi, a yi addu'a, sannan a shiga aji. Wannan horon abin yabo ne.

Sai dai addu'ar ta Kirista ce, darasin addinin ma haka. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya hana tilasta wa ɗalibi ibada ko darasin addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Don haka ka je da ƙafarka, ka tambayi shugaban makarantar batun sallar azahar da Juma'a, da hijabi in 'ya mace ce. In kun daidaita, ka sa shi, amma kada Islamiyyar yamma ta wuce shi.