Zuman Jonatan: Abincin Ɗan Wasa da Hakkin Mai Horad da Shi

Karatu: 1 Sama'ila 14:24-45, 1 Korantiyawa 9:24-27

Wata rana da bazara muka tsaya a bakin wani fili a Azare muna kallon samari suna buga ƙwallo. Ƙungiya ɗaya ta matasan wata ikilisiya ce, mai horad da su kuwa mutumin kirki ne, mai tsoron Allah, ba ya karɓar ko kwabo domin wannan aiki. Ana gobe wasa ya tara yaransa suka kwana suna addu'a, ya kuma umurce su kada kowa ya sa kome a bakinsa sai an tashi, domin Allah ya ba su nasara. Ba a kai hutun rabin lokaci ba, sai wani yaro mai shekara kamar 16 ya dafe kansa, ya yanke jiki ya faɗi. Aka kai shi inuwar darbejiya, aka zuba masa ruwa, da ya farfaɗo aka ba shi kunu. Da muka yi magana da malamin daga baya, ya ce mana, "Ai na zaci bangaskiya ke nan." Saboda wannan amsa muka shirya wannan darasi, gama ba shi kaɗai ke da wannan zato ba.

Rantsuwar Saul

A ranar da karatunmu ya ke magana, Ubangiji ya riga ya ba Isra'ila nasara ta hannun Jonatan da mai ɗaukar makamansa. Filistiyawa suna gudu, abin da ya rage sai a bi su. A nan ne sarki Saul ya ɗora wa jama'a rantsuwa, ya la'anta duk wanda ya ci abinci kafin maraice. Sai mu lura da abu biyu. Allah bai umurce shi da wannan ba. Sa'an nan a aya ta 24 dalilin da ya bayar na kansa ne, wato ya ɗauki fansa a kan maƙiyansa. Rantsuwar tana da kamannin ibada, amma sunan Saul ne a cikinta.

Mayaƙa suka shiga kurmi, ga zuma tana ɗiga, ba wanda ya taɓa, don tsoron la'ana. Jonatan kuwa bai ji rantsuwar ba. Ya tsoma bakin sandansa cikin saƙar zuma, ya lasa, idanunsa suka washe. Mu masu juyad da Littafi ba mu sha wahala da wannan magana ba, gama Bahaushe ya san ta sarai: wanda yunwa ta ci ƙarfinsa ya kan ce yana gani dishi-dishi.

Ku dubi abin da rantsuwar ta haifar. Nasara ta ragu, kamar yadda Jonatan da kansa ya faɗa. Mutanen da suka kori abokan gaba daga Mikmash har Ayalon, tafiyar fiye da kilomita 20, da ciki wofi, da maraice suka auka wa tumaki da shanu suka ci nama da jininsa, abin da Shari'a ta hana. Ashe dokar da mutum ya ƙaga ta ingiza su suka karya dokar da Allah ya bayar. A ƙarshe saura kaɗan Saul ya kashe ɗansa, sai da jama'a suka tsaya suka cece shi.

Rumbun da ke cikin jiki

Abin da ya faru da Jonatan ba al'ajibi ba ne, haka Mahalicci ya tsara jiki. Gero, dawa, shinkafa da dankali, jiki ya kan mai da su sukari, ya ajiye wani a hanta da tsoka, kamar yadda manomi ya ke zuba hatsi a rumbu. Amma rumbun ƙarami ne. Kwana ɗaya ba ci ya kan rage na hanta ƙwarai, wasan minti 90 kuwa ya kan kwashe mai yawa daga na tsoka. A shekarar 1967 masana a ƙasar Suwidin suka gwada mutane a kan keken motsa jiki. Bayan kwanaki suna cin nama da kitse kaɗai, suka gaji cikin awa ɗaya. Bayan kwanaki suna cin abinci mai sitaci, suka jure kusan awa uku.

Saboda haka idan wasa da ƙarfe 4 na yamma ne, sai yaro ya ci babban abincinsa tsakanin ƙarfe 12 da ƙarfe 1, wato awa uku ko huɗu kafin a fara. Ba sai an nemi abincin Turawa ba. Abin da ƙasar Katagum ta ke nomawa ya isa: tuwon dawa ko na shinkafa da miyar kuka ko kuɓewa marar mai da yawa, da ɗan kifi ko ƙwai. Fura ma tana da kyau idan an dama ta da ruwa-ruwa, ko da ya ke nono ya kan yi wa waɗansu nauyi. Ƙosai, tsire, soyayyen nama da wake mai yawa, a bar su sai bayan wasa, gama suna daɗewa a ciki. In saura awa ɗaya, dabino uku ko huɗu, ko ayaba, ko cokalin zuma irin ta Jonatan, sun wadatar. Kada kuma a gwada baƙon abinci ran wasa.

Maganar ruwa ta fi wannan gaggawa. Daga Maris zuwa Mayu zafin Azare ya kan haura digiri 40. Yaro mai nauyin kilo 60 ya sha kusan leda ɗaya ta ruwa, wato wajen rabin lita, awa huɗu kafin wasa, sa'an nan ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. In fitsarinsa ya yi ja kamar shayi, ruwan bai isa ba. Wanda gumi ya rage masa kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, ƙarfinsa da hankalinsa sun fara raguwa ke nan. Ko a gasar cin kofin duniya ta 2014 a Brazil an tsai da wasa domin manyan 'yan ƙwallo su sha ruwa, balle yaranmu. Wanda ya fara sambatu ko tangaɗi a fili, a fid da shi nan da nan, a jiƙa shi da ruwa, a kai shi asibiti.

Akwai kuma yaron da ya zo da yunwa ba don rantsuwar kowa ba, sai don ba a ɗora tukunya a gidansu ba. Kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba. Mai horad da shi ya ja shi gefe ya tambaye shi a asirce. Ubangijinmu Yesu, sa'ad da ya ta da 'yar Yayirus, kowa yana cikin mamaki, shi ne ya tuna ya ce a ba ta abinci (Markus 5:43). Tukunyar kunu ɗaya daga matan zumunta ba ta fi ƙarfin kowace ikilisiya ba.

Amma ba Bulus ya hori jikinsa ba?

Wani zai kawo mana wannan tambaya, kuma daidai ne ya kawo ta. Kusa da Koranti a kan yi babbar gasa kowace shekara biyu, mai nasara ya sami rawanin ganye. Masu karatun Bulus sun san tsere da dambe kamar yadda mu ka san kokawa bayan kaka. Kalmar Helenanci da ya yi amfani da ita a aya ta 27 ta 'yan dambe ce, ma'anarta naushi a ƙarƙashin ido. Magana ce mai tsanani. Amma jikin wa Bulus ya ke nausa? Nasa. Bai kafa doka a kan cikin wani ba. Kamewar mai tsere kuwa domin ya iya gudu ce, ba domin ya faɗi a hanya ba.

Ba mu rena azumi ba. Ikilisiyar Antakiya ta yi azumi kafin ta aiki Barnaba da Bulus (Ayyukan Manzanni 13). Amma azumi ba kuɗin sayen ƙwallo a raga ba ne, kuma a namu gani addu'ar da ta fi dacewa kafin wasa ita ce a roƙi lafiyar ƙungiyoyin biyu da tsabtar zuciya, gama yaran wancan gefe su ma Allah ne ya halicce su. Haka nan malamin da ya kau da kai yaro yana haɗiyar Tramadol don ya ƙara ƙarfi, ya manta da 2 Timoti 2:5, inda aka nuna rawani na wanda ya bi ka'ida ne. Tun daga Janairun 2024 hukumar duniya mai yaƙi da ƙwayoyi a wasanni ta haramta wannan magani a lokacin gasa.

Yawancin mutanen masarautar Katagum Musulmi ne, tun zamanin Malam Zaki wanda ya kafa ta, kuma da wuya a sami ƙungiyar ƙwallo a Azare da babu yaransu a ciki. A 2024 da 2025 azumin Ramadan ya kama watan Maris. Kada kowa ya ɗauki labarin Saul ya jefi maƙwabcinsa da shi. Yaron nan yana cika farillar addininsa ne, ba wani shugaba ne ya ƙaga masa ita don neman suna ba. Abin da ya wajaba ga malami Kirista shi ne ya mai da horo bayan shan ruwa, ko ya sassauta shi, kada ya matsa wa yaro ya karya, kada kuma ya hana shi gurbinsa saboda azumi.

Mu tuna da Eric Liddell, mutumin Sukotland, wanda ya ƙi yin tseren mita 100 a gasar Olamfik ta 1924 a Paris domin ya faɗa ran Lahadi, ya ci na mita 400. Daga baya ya tafi aikin bishara a ƙasar Sin, sojojin Japan suka tsare shi a sansanin Weihsien, inda ya rasu a 1945. A can shi ne mai shirya wa yara wasanni. Waɗanda suka zauna tare da shi sun ba da labari cewa da fari ya ƙi yin alƙalancin wasa ran Lahadi, amma da yaran suka yi wasa su kaɗai har ya zama faɗa, sai ya fito ya tsaya musu. Lambar zinariya ba ta sa ya sassauta wa kansa ba, amma yara sun sa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A aya ta 29 Jonatan ya soki hukuncin mahaifinsa a gaban mayaƙa. Ya yi daidai? Yaya yaro zai gaya wa malaminsa cewa umurninsa yana cutad da shi, ba tare da rashin ladabi ba?

2. Waɗanne dokoki ne mu ke ɗora wa matasan ikilisiyarmu da sunan Allah, alhali bai umurta ba?

3. A cikin yaran da ke wasa a unguwarku, wa ya ke zuwa fili bai ci kome ba? In ba ku sani ba, wa zai tambaya kafin Asabar mai zuwa?