Mu San Duniya: Yini Ɗaya a Birnin Istanbul

'Yan'uwana ɗalibai, idan aka tambaye ku babban birnin ƙasar Turkiyya a jarrabawa, kada ku rubuta Istanbul. Amsar ita ce Ankara, tun shekarar 1923. Amma Istanbul ne ya fi girma, mutanensa sun haura miliyan 15, kuma shi ne tsofaffinmu suke kira Santambul. A wannan makon za mu bi bayan ɗan yawon buɗe ido, mu ga abin da zai gani a yini ɗaya da dalilin da ya sa sarakuna suka daɗe suna faɗa a kan garin.

Abin da baƙo zai fara lura da shi ruwa ne. Wani mashigin teku mai suna Bosforus ya raba garin gida biyu, rabi a nahiyar Turai, rabi a Asiya. Tsawonsa kamar kilomita 30 ne, kuma a wurin da ya fi tsukewa faɗinsa wajen mita 700 ne kawai. Mutum sai ya karya kumallo a Turai, ya hau jirgin fito, kafin rabin awa yana shan shayi a Asiya. Duk jirgin ruwan da ya fito daga Baƙin Teku zai nufi Bahar Rum, dole ta nan zai bi. Wanda ya riƙe garin kuwa ya riƙe ƙofar ciniki ke nan.

Shi ya sa a shekarar 330 Sarkin Rumawa Kwanstantin ya mayar da shi hedikwatarsa, aka riƙa kiransa Kustantiniyya. Daga baya aka kewaye shi da ganuwar dutse, wadda har yau baƙi ke zuwa kallo. Rundunoni da yawa sun zo sun koma ba su ci shi ba, Turkawa ma ba su ci shi ba sai a 1453. Sarkin Turkawa Muhammadu na Biyu, yana ɗan shekara 21, ya kewaye garin kwana 53. Rumawa sun ɗaura wata ƙatuwar sarƙa a bakin tashar jiragen ruwansu don kada kowa ya shigo. Sai ya sa aka jera gumagumai a ƙasa, aka shafa musu mai, aka ja jiragensa kusan 70 ta kan tudu, aka sauke su a bayan sarƙar. Jirgin ruwa a kan tudu fa! Ni dai wannan ne ya fi burge ni a duk tarihin. Ranar 29 ga Mayu garin ya faɗa hannunsa.

A kula: daularsa ita ce Daular Usmaniyya ta Turkawa, wadda ta samo sunanta daga kakansu Usman na Ɗaya. Ba ita ce ta Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ba, suna ne ya zo ɗaya.

Ginin da baƙi suka fi yi wa layi shi ne Ayasofiya. An gama shi a shekarar 537 a zamanin Sarki Jastiniyan, kuma tsayin ƙubbarsa daga ƙasa ya kai mita 55. Ya yi shekara fiye da 900 yana coci, aka mayar da shi masallaci a 1453, ya zama gidan tarihi a 1935, sannan ya sake komawa masallaci a 2020. Don haka a ciki za ka ga manyan alluna da sunan Allah da na Annabi (SAW) da na halifofi huɗu, ga kuma tsofaffin zane-zanen Kirista a bango. Yana fuskantar Masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida. Ko wanda ba Musulmi ba yana iya shiga Masallacin Sultan Ahmad idan ba lokacin salla ba ne, amma sai ya cire takalmi, mace kuma ta rufe kanta.

Da la'asar sai kasuwa. Babbar kasuwarsu a rufe take da rufi, tana da layuka fiye da 60 da shaguna wajen 4,000 na dardumai da zinariya da fitilu. An kafa ta a ƙarni na 15, ƙarnin da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi a Kano. Can ma ana tayi, kuma baƙon da ya biya farashin farko ya sha tsada. Kuɗinsu sunansa lira. In yunwa ta kama shi, ga simit a bakin titi, wani zagayayyen burodi da aka barbaɗe da riɗi.

Tambayar mako: wane teku ne yake kudu da mashigin Bosforus, kafin jirgi ya kai Bahar Rum? A duba taswira, amsa tana fitowa ta gaba.