Aikin Sa-kai da Jinyar Namun Daji: Nazari ta Fuskar Harshe da Al'ada

7.0 Gabatarwa

Akwai wani aiki da ya yaɗu a duniya, inda mutum, galibi matashi daga Turai ko Amurka, zai bar ƙasarsa ya tafi wata ƙasa ya yi watanni yana hidimar namun dajin da aka raunata ko aka kashe iyayensu, ba tare da albashi ba. Sau da yawa ma shi zai biya kuɗin jirginsa da na abincinsa. A wannan darasi za mu dubi wannan aiki ta fuskar harshe da al'ada, domin duk baƙon abin da ya shigo gari, malamin Hausa ake fara tambaya yadda za a kira shi. Idan ya ba da sunan da bai dace ba, ɗalibansa za su fahimci abin a karkace.

7.1 Yadda Aikin Yake

Sanannen misali a Nijeriya shi ne cibiyar Drill Ranch da ke Kalaba a Jihar Kuros Riba. Wasu Amurkawa biyu, Liza Gadsby da Peter Jenkins, waɗanda suka shigo ƙasar nan a 1988, su suka kafa ta a 1991 domin ceton wani biri da ake kira diril. Ba a samun wannan biri sai a Kuros Riba da kudu maso yammacin Kamaru da tsibirin Biyoko, shi ya sa Bahaushe ba shi da sunansa, sai dai aro. Mafarauta kan harbe uwa don nama, su sayar da ɗan. Irin waɗannan marayu cibiyar take karɓa. Daga baya aka buɗe reshe a gindin Dutsen Afi, inda birai ke zaune garke-garke a cikin kurmi da aka kewaye.

Duk dabbar da aka kawo irin wannan wuri, akan fara killace ta don kada ta yaɗa cuta, a yi mata magani, sannan a haɗa ta da 'yan'uwanta ta koyi zaman garke. Idan ta warke, ta iya neman abinci da kanta, kuma akwai dajin da ke da tsaro, sai a sake ta. Ba kowace ce take kaiwa wannan mataki ba. Wata a nan za ta ƙare rayuwarta. Aikin baƙon da ya zo taimako kuwa bai wuce yanka 'ya'yan itace da wanke keji da gyaran shinge da rubuta bayanai ba.

7.2 Kalmar Sa-kai

Sa-kai harɗaɗɗen suna ne da aka gina daga aikatau "sa" da suna "kai", wato mutum ya shigar da kansa cikin aiki ba wanda ya tilasta shi. Ta fuskar ƙira, kalmar ta dace da wannan baƙo. Matsalar tana wajen ma'ana. A yankin Funtuwa da Faskari da Sabuwa da Ɗandume, tun da rikicin 'yan bindiga ya tsananta, da zarar an ce "ɗan sa-kai" abin da ke zuwa a ran mai sauraro shi ne mai riƙe da bindigar toka yana tsaron gari. Wannan shi ake kira ƙuntatar ma'ana, wato kalma mai faɗi ta koma nuni ga abu guda. Saboda haka idan malami a Malumfashi ya ce wa 'yan aji "'yan sa-kai sun shiga daji saboda birai", to ya faɗi abin da ba shi yake nufi ba. Abin da ya fi shi ne ya ce "masu aikin sa-kai", domin kalmar "aiki" tana dawo da tsohuwar ma'anar.

Wasu kan so su yi amfani da "gayya". Ni a ganina ba ta dace ba. Gayya kira ake yi, a ciyar da mutane, kuma wanda ya je gonar wani yau yana sa ran a zo tasa gobe. Biri kuwa ba ya rama gayya.

7.3 Gardi da Mai Jinya

Kada ɗalibi ya ɗauka cewa riƙon naman daji baƙon abu ne a ƙasar Hausa. Muna da mafarauta, muna da masu wasa da biri da maciji, muna kuma da gardawa masu wasa da kura. Wani mai ɗaukar hoto ɗan Afirka ta Kudu, Pieter Hugo, ya bi wata ƙungiyar masu wasa da kura a Nijeriya, ya fitar da littafin hotunansu a 2007. A bayanin da ɗan jarida Adetokunbo Abiola ya rubuta a cikin littafin, an nuna cewa ɗaya daga cikinsu a Malumfashi ya gaji sana'ar daga mahaifinsa yana ɗan shekara 15. Ke nan wannan yanki yana da mutanen da suka san yadda ake shiga kogon kura, da abin da take ci, da lokacin da take fusata. Wannan ilimi ne na haƙiƙa, kuma bai kamata mai karatun boko ya raina shi ba.

Sai dai manufar gardi da ta mai jinya sun yi hannun riga, kuma kalma ɗaya ce ta raba su, wato "sabo". Jarin gardi shi ne kura ta saba da shi, ta saba da kasuwa da kiɗa da hayaniyar yara. Mai jinya kuwa sabo ne babban abokin gabarsa. Ɗan barewar da ya tashi yana shan madara a hannun mutum ba zai gudu ba idan ya ga maharbi. Ɗan birin da ya saba karɓar ayaba zai shiga gonar mutane, a kashe shi. Don haka a cibiyoyin da suka san aikinsu akan rage taɓa dabba da yi mata magana yayin da lokacin sakinta ya matso. Hausawa sun ce sabo turken wawa, kuma a nan turken yakan zama ajali. Da wannan ma'auni ake gane cibiyar gaskiya da ta neman kuɗi: wurin da ake barin baƙo ya rungumi ɗan zaki a ɗauke shi hoto, an kira shi gidan jinya ne kawai, amma wasan gardi ake yi. Karin maganar nan ta "kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi" ta nuna cewa tun da can Bahaushe ya lura da wanda ke cin riba da wanda ke shan wuya a wannan hulɗa.

Daga nan za a ga dalilin da ya sa "horarwa" da "kiwo" ba za su zama sunan wannan aiki ba, domin dukkansu suna ɗauke da ma'anar mallaka. "Gidan zu" ma ba shi ba ne, don shi wurin kallo ne, kamar na Audu Baƙo da ke Kano. Abin da ya fi kusa shi ne "cibiyar jinya da mayar da namun daji". Sunan ya yi tsawo, amma ya ƙunshi rabin aikin da aka fi mantawa da shi, wato mayarwa. A kula kuma da cewa "majinyaci" da "mai jinya" kowannensu yana iya nufin marar lafiya ko mai kula da shi, sai muhallin magana ya bambance.

Wata kalmar da ta biyo ta wannan hanya ita ce "takunkumi", abin da ake ɗaure bakin kura ko raƙumi da shi. Ma'anarta ta faɗaɗa zuwa hukuncin hana ƙasa ciniki, sannan a 2020, lokacin annobar korona, ta koma sunan ƙyallen rufe baki da hanci. Yaro a yau ya san takunkumi biyu na baya, bai taɓa ganin na farko ba.

7.4 Ina Za a Mayar da Su?

Mayarwa tana buƙatar daji. Noman auduga da masara, da faɗaɗa gonaki tun zamanin Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa da aka fara da tallafin Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970, da saran itace da ƙaruwar jama'a, sun cinye mafi yawan dajin wannan yanki. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince a ɗaga dajin Kogo da ke kudancin Jihar Katsina zuwa gandun daji na ƙasa tare da wasu guda tara, amma daji ne da rashin tsaro ya addaba. Duk da haka mayarwa ba mafarki ba ce. A Nijar, raƙuman dawa na yankin Kure sun ragu zuwa 49 a 1996, aka kare su har suka haura 600, kuma a 2018 aka ɗauki takwas aka kai gandun Gadabeji a Jihar Maraɗi, inda suka daɗe da ƙarewa.

Abin da ya shafi malamin Hausa kai tsaye shi ne, idan dabba ta ɓace sunanta yakan bi ta. Ɗalibai da yawa suna jin gwanki da kanki da mazo da mariri da gada a tatsuniya da karin magana, amma in an tambaye su sai su ce duk barewa ne. Haka ba sa bambance bika da kirka da jan biri. Wanda bai san gada ba, yaya zai gane dalilin da ya sa ake kwatanta wayo da ita?

7.5 Aikin Yi

Kowane ɗalibi ya nemi wani tsohon maharbi ko Sarkin Dawa a garinsu, ya rubuto sunayen namun daji ashirin daga bakinsa, da siffar kowanne, da wurin da ya yi masa ganin ƙarshe. A nuna waɗanda sunansu ya bambanta da na Daidaitacciyar Hausa. Sannan a tsara darasin minti 35 ga 'yan ƙaramar sakandare aji biyu, wanda zai bayyana bambancin sabarwa da mayarwa ba tare da an yi amfani da kalmar Ingilishi ko ɗaya ba.