Yadda Ake Tara Shafukan Intanet a San Asalin Kowanne

A 1999 Cliff Missen ya zo Jami'ar Jos daga Jami'ar Iowa ta Amurka, ya tarar intanet sai a hankali. Wannan wahala ce ta haifi eGranary: a kwafo shafuka a zuba a kwamfuta ɗaya, ɗalibai su karanta ko babu layi. Ga ɗakin karatu a Titin Bauchi da ke Jos, inda data ke da tsada kuma wuta ba tabbas, dabarar ba ta tsufa ba.

Da adireshi ɗaya ake farawa. Manhaja irin HTTrack ko Wget ta sauke shafin, ta tsince mahaɗan da ke cikinsa, ta bi su, can ma ta sake tsinta. Dole a yanka mata iyaka. Wget kan tsaya a hawa na 5 in ba a ce mata komai ba, kuma gara a hana ta tsallakawa wasu gidajen yanar gizo. In babu iyaka, shafin kalanda kaɗai zai iya jan ta wata bayan wata har faifai ya cika.

Inda aikin yake shi ne rajista, kuma nan aka fi sakaci. Duk shafin da ya sauka a rubuta adireshinsa, da shafin da ya kawo shi, da hawan da aka same shi, da ranar saukarsa. Kafin a rubuta a daidaita adireshin, a yanke abin da ya biyo bayan alamar #, kada shafi ɗaya ya shiga sau uku. In shafuka biyu ne suka kawo shi, a rubuta dukansu.

Aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki? Manhaja ta duba rajista, ta ɗora daga inda ta tsaya. Ranar sabuntawa kuwa sai ta tambayi uwar garke ko shafin ya canza. Amsar 304 na nufin yana nan yadda yake, ba a ƙona data ba. Haka wajen shara: malami ya gama da kwas, a goge abin da aka sauke dominsa, amma a bar duk shafin da wani kwas ke riƙe da shi.

Daga nan a zare wayar intanet, a zauna a yi ta danna mahaɗai. Wanda bai buɗe ba a sa shi a layin saukewa na gaba.