Ku Bar Wa Ruwa Hanyarsa

Kowace shekara, da zarar shamuwa ta fara sauka a kan tsamiya, saƙon hukuma ɗaya ne. Masu hasashen yanayi su faɗi yadda damina za ta kasance, hukumar agajin gaggawa ta Jihar Jigawa ta bi gidajen rediyo, magana ta sauko daga fadar Mai Martaba Sarkin Haɗeja zuwa ga hakimai, daga nan ga dagatai da masu unguwanni, liman ya maimaita ranar Juma'a: a yashe magudanan ruwa, a gyara jinga, wanda ke kwari ya hau tudu. Mu kuwa sai mu ce "to, Allah ya kiyaye," mu gyara zama a inuwa. Mun ga ambaliyar 2012, mun ga ta 2018 da ta 2020, ta 2022 kuwa har yau akwai waɗanda ba su gama tayar da katangarsu ba. Domin haka aka rubuta wannan takarda, ga mutanen Malam Madori da maƙwabtansu na Haɗeja da Auyo da Kaugama da Kiri Kasamma da Guri. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Mu fara da sanin cewa ƙasa da ruwa da itace amana ce Allah ya ba ɗan Adam, kuma za a tambaye shi. Kakanninmu sun gane wannan, ko da ba su da takardar shaida. Ku dubi inda suka kafa garuruwansu. Garun Gabas, wadda ke cikin ƙaramar hukumar nan tamu, ita ce tarihi ke kira Biram, ɗaya daga Hausa Bakwai. A kan tudu take. Tsofaffin ƙauyukan fadama duk a kan jigawa aka yi su, wato tuddan yashin nan da jiharmu ta samo suna daga gare su a 1991. Kwari kuwa sun bar wa ruwa. Idan kogi ya kawo, masunci ya shiga da komarsa da gorarsa. Manomin shinkafa ya girbe. Ruwa na janyewa a bi danshi a shuka wake da rogo da kayan lambu. Rani ya yi, Bafulatani ya sauko da shanunsa su ci ciyawa su bar taki. Fili ɗaya, mutum uku, kowa da lokacinsa, Sarkin Ruwa na faɗin ranar da za a yi su da wurin da ba a taɓawa.

Muna yara, tsofaffi kan ce mana gurbi kaza akwai mutanen ɓoye, kada a yi gini kusa, kada a sare kanyar da ke bakinsa. Camfi ne, malamai sun yi gaskiya da suka hana. Amma abin kunya, mun jefar da camfin, ba mu ɗauki tsoron Allah mun sa a gurbinsa ba. Wanda ke tsoron aljani ya bar wa tafki bakinsa, mu da muka yi karatu mun yanka shi fuloti.

Ya kai mai karatu, ɗauki kogin Haɗeja kamar wani tsohon baƙo na gidanku. Tun zamanin kakan kakanka yake zuwa, sau ɗaya a shekara, daga yamma. Ba ya zuwa hannu rabbana. Yana tafe da tarwaɗa da karfasa da ragon ruwa, yana tafe da laka mai taushi wadda ta fi takin kanti, ya cika maka rijiya ta ƙarƙashin ƙasa ba ka gani ba. Abin da yake nema a wurinka kaɗan ne: ɗakin da aka saba sauke shi, da ƙofar da zai fita idan kwanakin baƙuncinsa suka ƙare, domin yana da sauran tafiya, ana jiransa a Nguru da Gashuwa har Tafkin Cadi. Kakanka yakan share ɗakin nan tun bazara. Ubanka ya ɗan ajiye kara a lungu. Kai da ka gaji gidan sai ka zuba tarkace, ka ɗaure awaki a ciki, ka toshe ƙofar baya da bulo, har ka yanki rabi ka sayar. Sai ga baƙo da tsakar dare a watan Agusta, da kayansa niƙi-niƙi. Ya yi sallama a ɗakinsa ya tarar ba wuri. To ina zai kwana? Ɗakinka zai shiga, ya hau gadonka, ya buɗe rumbunka. Gari ya waye kana kuka kana cewa baƙo ya ci amana. Wa ya fara ci?

A yi adalci, ba duk laifin ne na talaka ba. A 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, a 1992 kuma aka gama ta Challawa. Waɗannan koguna biyu su ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, ya bi ta Wudil da Ringim ya iso mana. Madatsun sun kawo noman rani da ruwan sha ga birnin Kano, ba mai musun wannan. Amma sun sauya wa kogi ɗabi'a. Da, yakan zo da ƙarfi da damina ya wanke cikinsa, da rani ya ƙafe har a taka yashi a haye. Yanzu ana sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara. Ruwan da ba ya gudu yakan ajiye yashi da laka, wurin da ba ya bushewa kuwa shi ne gidan kacalla. Wannan ciyawa ta fi mutum tsawo, saiwarta na tafiya a ƙarƙashin laka tana 'ya'ya, irinta iska ke ɗauka kamar auduga. Ta cushe rassan kogi na gabashin Haɗeja, irin su Marma da Burum Gana da tsohon kogi, har wasu gonakin suka zauna cikin ruwa shekara da shekaru, wasu kuma suka rasa ko ɗigo. A cikinta jan-baki ke kwana ya fito da safe ya cinye gero da shinkafa. A cikinta sauro ke ƙyanƙyasa, da dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya.

Gwamnati ta sayo motocin yashe kogi masu tafiya a kan ruwa, hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are ma tana nata. Sai dai mota ba za ta bi kowane lungu ba, kuma ba a kan gwamnati zan tsaya ba, a kanmu zan tsaya.

Wa ke fasa gaɓar kogi da daddare ya ja ruwa zuwa gonarsa, ya bar kafar a buɗe? Da rani kafa ce mai faɗin fartanya, da damina ta zama rafi ta ci ƙauye. Wa ke yin jinga a gonarsa shi kaɗai, ya juya ruwan kan maƙwabcinsa, sannan su haɗu a sahu ɗaya a masallaci? Wa ke gitta dumba a tsakiyar mashigi domin kifi, ya tafi ya bar ta tana tara ciyawa da yashi? Wa ke noma har leɓen kogi, ya tuge duk wani tsiro da ke riƙe da ƙasa? Ba daga Kano suka zo ba. Mun san su, sun san kansu. Malamai sun karantar da mu cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. To yaya hukuncin wanda ya ɗauko cutar da hannunsa ya ajiye a hanyar ruwan al'umma?

Mutumin cikin garin Malam Madori zai ce, "Mu ai muna tudu, wannan maganar 'yan fadama ce." Kada ka ruɗi kanka. Garin nan jirgin ƙasa ne ya raya shi, tun da aka ja layin dogo daga Kano zuwa Nguru wajen 1930, ana auna gyaɗa a tasha. Da gari ya yi ta faɗi, ina aka samo ƙasar gini? Daga kududdufai. Su kuma kududdufan nan su ne ke shanye ruwan sama. Yau ana cike su da bola ana gini a kai. Na san wani magidanci, ba zan faɗi unguwarsa ba, da ya sayi irin wannan fili da araha. Wani dattijo ya ce masa, "Ɗana, nan fa muka koyi iyo." Ya ce, "Baba, wancan zamani ne." Damina biyu lafiya lau. A ta uku aka kwana ana ruwa. Da asuba na tarar da shi tsaye, ruwa iya cinya, ya ɗora buhun gero a ka, matarsa na miƙo yara ta kan katangar maƙwabci, akuya na kuka a kan turmi. Kafin hantsi katangar ƙasar ta jiƙa daga tushe ta zauna. Kogi bai zo wurin ba ko kusa. Kwalbatin bakin titi ne ya cika da leda da robar ruwa da tsummokara, ruwan ya koma inda ya sani.

Kuma don Allah a daina fakewa da "haka Allah ya so." Komai da ikon Allah yake, amma shi ne ya ba ka hankali da shebur. Ku tambayi malamanku labarin mutanen Saba'u a ƙasar Yaman, masu madatsar ruwa da gonaki dama da hagu, yadda suka butulce ambaliya ta share su. Masu tafsiri sun kawo cewa ɓera ne ya yi ta sassaƙar ginin. Ɓera fa! Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda aka ce ya tashi daga kwari ya ƙi, ya kwana da 'ya'yansa a ɗakin da ya ga ya tsage, wannan ba tawakkali ya yi ba, ganganci ya yi da rayukan da aka ba shi kiwo.

Sauran abubuwan kun sha ji, a taƙaice zan faɗa. A rage sare itace domin gawayi, musamman gawo da kanya da goruba, wanda ya sare ɗaya ya dasa biyu; ƙasar da ba itace iska da ruwa ke kwasarta su zuba a kogi. A bar ƙona daji domin ɓera da gafiya. Zuba guba a ruwa domin kifi haramun ne kuma laifi ne a doka, haka ma taru mai ƙananan ido da ke kwashe 'ya'yan kifi. Tsuntsayen da ke sauka a dausayin Baturiya da hunturu, wasunsu daga Turai suke ƙetaro Sahara, kuma tun 2008 wurin yana cikin jerin dausayin da duniya ta amince a kiyaye. A bar harbinsu. Kada a cika wa kwalekwale kaya, kada a haye da dare. Bayan ambaliya a tafasa ruwan sha, saboda amai da gudawa. Yaron da ke fitsarin jini a kai shi asibiti, ba alamar girma ba ce.

Mu koma kan hanyar ruwa. Kada a jira Agusta. Tun watan Mayu mai unguwa ya tara jama'a a sa ranar gayya, a bi kowace magudana daga farkonta har inda take zubewa, domin yashe rabi aikin banza ne. Abin da aka kwaso a kai shi nesa, kada a tara a baki ruwan farko ya mayar. Ƙauyukan bakin kogi su yanke kacalla tun ruwa na ƙasa, a yanke ta a ƙarƙashin ruwa yadda kututturen zai nutse ya ruɓe, in an yanke ta a sama sake tohowa take yi. A duba jinga taku-taku, duk ramin ɓera ko na gafiya a toshe. A tanadi buhuna tun suna araha. Mutanen Haɗeja da suka kwana suna jera buhunan yashi da fitila a 2020 sun san tsadar buhu ranar da ruwa ya zo. Wanda ya ga an fasa gaɓa ya gaya wa dagaci a ranar, ko da ɗan'uwansa ne ya fasa. Ranar gayya kowane gida ya fito da mutum ɗaya da shebur ko lauje, tsoho da mara lafiya kuma su aiko da ruwan sha ko fura ga masu aiki.