Darasin Wata: Iyayen Yara Masu Naƙasa

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka jawo ruwa zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, mutanen wannan ƙasa ba su da lokacin hutu. Da damina shinkafa, da rani alkama da tumatir da albasa. Maza suna gona, mata suna turara shinkafa. Amma a waɗansu gidaje akwai yaro da a kan bari a ɗaki, gama ba ya iya tafiya, ko ba ya ji, ko ba ya gani. Uwarsa kaɗai ke ɗauke da nauyinsa, sau da yawa kuwa cikin kunya. Darasinmu a kan waɗannan iyaye ne, da yadda za su taimaki juna.

1. Daga ina naƙasa ta ke fitowa?

Idan yaro ya shekara biyu wuyansa bai tsaya ba, sai ka ji ana cewa ɗan ruwa ne, ko kuwa alhakin uwarsa ne. Ba haka ba ne, 'yan'uwa. Doguwar naƙuda ta kan taɓa ƙwaƙwalwar jariri, haka kuma shawara mai tsanani a kwanakin farko bayan haihuwa. Sanƙarau, irin wanda ya yi ɓarna a Kano a 1996, ya kan bar yaro kurma. A ƙasar noman rani kuwa ruwa yana kwance rani da damina, sauro ba ya ƙarewa. Zazzaɓin cizon sauro idan ya hau kai ya kan kawo jijjiga, wani lokaci ya bar lahani. Shan inna ƙwayar cuta ce. A 2020 aka shaida Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar, amma har yanzu ana ɗiga maganin rigakafi, kada kowa ya ƙi.

Duk waɗannan ciwo ne. Uwar da ta gane haka za ta daina ɓoye ɗanta.

2. Ina za a kai yaro?

Birnin Kano ba shi da nisa daga Kura, akwai taimako a can. Asibitin Ƙashi na Dala yana duba ƙafa da baya da gaɓoɓi. Jaririn da aka haifa da ƙafa a karkace, idan an kai shi da wuri, a kan miƙe ta da ɗaurin filasta mako mako, daga baya a sa masa takalmin gyara. Asibitin Ido na ECWA, wanda ya ke aiki tun zamanin Turawa, yana cire yanar ido. A Tudun Maliki akwai makarantar gwamnati ta kurame da makafi, inda a ke koyar da maganar hannu da karatun taɓawa.

Sai mu sani kuma, a watan Janairu na 2019 aka sa hannu a kan dokar ƙasa wadda ta hana wariya ga masu naƙasa, ta kuma ba su ikon karatu kyauta har sakandare. Uban da ya san wannan ba zai je makaranta kamar mai roƙo ba.

3. Ƙungiyar iyaye

Asibiti yana nan, makaranta tana nan, amma me ya sa yara da yawa ba su kai can ba? Kuɗin mota ne, da rashin mai rakiya, da aikin gona wanda ba ya jira. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Domin haka iyaye biyar ko shida su haɗu sau ɗaya a wata. Zumuntar mata tana iya buɗe ƙofa, amma a gayyaci maƙwabta duka, gama ciwo ba ya tambayar addinin gida. Ga ayyukan ƙungiyar:

(a) Adashi domin kuɗin mota da magani. A ƙara zubi lokacin kaka da lokacin tumatir, sa'anda kuɗi ke hannu.

(b) Karɓa-karɓa. Yau wannan uwa ta zauna da yara, gobe waccan, domin kowace ta sami zuwa aikinta.

(c) Koya wa juna. Wadda likita ya nuna wa yadda a ke motsa gaɓoɓin yaro, ko yadda a ke zaunar da shi kafin a ba shi abinci don kada ya ƙware, ta nuna wa sauran.

(d) Tsaro. Farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta wurin taɓawa ko miyau. Idan ta tashi, a kwantar da yaron a gefensa, kada a cusa masa kome a baki. Kada a bar shi shi kaɗai a bakin magudanar ruwa, ko kusa da wutar turara shinkafa. Maganinta kuwa kullum a ke sha, kada a tsaya sai likita ya faɗa.

Ku ubanni, wannan aiki ba na mata kaɗai ba ne. Wanda ya ke kwana a gona yana jiran layin ruwa domin shukarsa, ba zai kāsa ba da yini ɗaya ya kai ɗansa Dala ba.

Tambayoyi

1. Faɗi abu uku da ke kawo naƙasa ga yara.
2. Me za ka yi idan farfaɗiya ta tashi wa yaro a gabanka?
3. Gidaje nawa ka sani a unguwarku masu irin waɗannan yara? Yaushe rabonka da ka je gaishe su?